Darasi na 14: Ciwon Ɓoye da Yadda A Ke Gwada Shi

Yau za mu karanta abin da mutane ba su cika son faɗa a cikin taro ba. Dukanmu da mu ke ajin nan manya ne. Kowa da iyalinsa, ko kuwa yana shirin ajiye iyali. Saboda haka kada kowa ya sunkuyar da kai. Hausawa sun ce, rashin sani ya fi dare duhu. Mun zo aji domin mu fita daga duhu ne.

1. Cututtukan da mu ke nufi

Akwai waɗansu cututtuka da namiji ya kan ɗauka daga mace, mace kuma ta kan ɗauka daga namiji, ta wajen kwanciya. Guda huɗu ne za mu fi magana a kansu.

Na ɗaya, ciwon sanyi. Namiji ya kan ji zafi in yana fitsari, mugunya kuma ta riƙa fita daga gabansa. Wannan ya kan fara 'yan kwanaki kaɗan bayan ya ɗauka. Akwai wani ciwo mai kama da shi ƙwarai, likitoci na ce masa kilamidiya. Sau da yawa su biyu su kan haɗu a jikin mutum ɗaya.

Na biyu, tunjere. Shi ya kan fara da ɗan gyambo a gaba ko a baki, kamar mako 3 bayan an ɗauka. Gyambon ba ya ciwo.

Na uku, ƙanjamau. Ƙwayarsa ta kan karya garkuwar jiki, watau ƙarfin da jiki ke da shi na korar cuta.

Na huɗu, ciwon hanta, irin wanda likitoci su ka sa wa harafin B. Shi kuma hanta ya ke ci a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi, ta ce a kowace rana fiye da mutum miliyan 1 su ke ɗaukar irin cututtukan kwanciya waɗanda a ke iya warkarwa. To, mun ga ba abin garinmu kaɗai ba ne. Yana cikin Ingila, yana cikin Amurka, yana cikin Masar, yana cikin Zariya.

2. Mene ne ke kawo su?

Waɗansu sun ce tsallaka fitsari ke kawo ciwon sanyi. Waɗansu sun ce zama a kan ƙasa mai laima ne, ko zuwa masai. Waɗansu kuma sun ce sammu ne. Duk ba haka ba ne.

Ƙwayoyin cuta ke kawo su. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu. A shekarar 1879 wani likita Bajamushe, sunansa Albert Neisser, ya ga ƙwayar ciwon sanyi da madubin likita. A shekarar 1905 waɗansu masana biyu a Jamus su ka ga ta tunjere. Da shekara ta kewayo, watau 1906, a ka gano yadda za a gwada jinin mutum a san ko yana da tunjere. Ƙanjamau kuwa, a shekarar 1981 a ka fara ba da labarinsa a Amurka. A 1983 masana a Faransa su ka gano ƙwayarsa. A 1986 a ka ba da sanarwar samunsa a Nijeriya.

Tun da ƙwayoyi ne, ana iya nemansu a cikin jini, ko fitsari, ko ruwan da ke fita daga gaba. Neman nan shi a ke kira gwaji.

3. Don me ido bai isa ba?

Wani zai ce, "Ai ni lafiyata lau. Ina noma, ina cin tuwo, ba inda ke yi mini ciwo. Me zan je gwadawa?"

Mu dubi gara. Gara ta kan shiga azara ta cinye cikinta, bayanta kuwa sumul. Maigida ba ya sani sai ran da rufi ya faɗo. Haka cututtukan nan su ke.

Mata da yawa masu ciwon sanyi ba su jin kome. Amma ciwon yana hawa sama, ya shiga hanyoyin da ƙwan haihuwa ke bi zuwa mahaifa, ya toshe su. Sai mace ta yi shekara da shekaru ba ciki. Namiji ma, in ya bar shi ya daɗe, ya kan ƙuntata masa mafitsara har fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ya kan kuma hana shi haihuwa. In mace mai ciwon sanyi ta haihu, ƙwayoyin su kan shiga idon jariri. Idon ya kumbura, ya yi mugunya. In ba a yi hanzari ba yaro ya makance.

Tunjere ya fi wayo. Gyambon nan na farko ya kan warke da kansa cikin 'yan makonni. Mutum ya ce maganin da ya shafa ne ya yi aiki. Daga baya ƙuraje su fito masa a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa. Su ma su ɓace. Sa'an nan ciwon ya yi shiru shekaru, yana nan cikin jini. A ƙarshe ya kan taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki kuwa, tunjere ya kan sa ta ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, ko ta haife shi da ciwon.

Ƙanjamau ma haka. Mutum ya kan yi shekaru da ƙwayar a jikinsa, da ƙibarsa da ƙarfinsa. Ba a gane mai ita a fuska. Ciwon hanta kuma ya kan zauna shiru, sai hanta ta lalace kafin a farga.

Ga wani abu kuma. Ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa da mace ta gani ba ne ciwon kwanciya. Akwai wanda ke zuwa ko ga yarinyar da ba ta taɓa aure ba. Haka kuma yaron da ke fitsarin jini, galibi tsargiya ce, wadda a ke ɗauka wajen wanka a kududdufi. Mu da mu ke ce wa dukansu "sanyi" mu kan haɗa abubuwa da yawa a suna ɗaya. Gwaji ne ke rarrabe su, kowanne a ba shi maganinsa.

4. Misalin maƙwabta biyu

Mu ɗauki misali. A ce ga maƙwabta biyu, kowanne ya tafi cin rani, kowanne ya komo da zafin fitsari.

Na farko ya ji kunya. Da dare ya tafi kemis, ya sayi ƙwayoyi huɗu, ya shanye. Ya ƙara da jiƙe-jiƙe. Zafin ya ragu. Ya ce ya warke. Bai gaya wa matansa biyu ba. Bayan wata ɗaya ciwon ya komo, gama ya riga ya ba matansa, su kuma sun mayar masa. Shekara uku amarya ba ta sami ciki ba. Dangi su ka ce juya ce. Ya sake ta, ya auro wata. Ita ma ta ɗauka. Ga asarar dukiya, ga asarar aure, ga ciwo yana nan.

Na biyu shi ma ya ji kunya, amma ya daure. Ya tafi asibiti ya faɗi abin da ke damunsa. A ka gwada, a ka yi masa allura, a ka ba shi magani. Malamin asibiti ya ce masa, "Malam, ka kawo iyalinka duka, ko da ba su jin kome." Ya koma gida ya kira uwargida ya ce, "Likita ya sami ciwo a jikina, ya ce sai an duba mu duka. Ku yi mini haƙuri mu je." Ranar nan ba a yi masa fara'a a gida ba. Amma sun je. Cikin mako guda magana ta ƙare.

Wanne ne cikinsu ya rufa wa kansa asiri?

5. Wa ya kamata ya je gwaji?

Na ɗaya, wanda ya ga alama: zafin fitsari, mugunya, gyambo a gaba, ko ciwon mara da ya ƙi ƙarewa.

Na biyu, wanda a ka sami ciwon a jikin mijinta ko matarsa. In mata huɗu ne a gida, dukansu huɗu da maigida.

Na uku, kowace mace mai ciki. Ta fara zuwa awo da wuri, tun cikin yana ƙarami. A wurin awo ta roƙa a gwada mata tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta. Maigida ya bar ta ta je, ya ba ta kuɗin mota.

Na huɗu, masu shirin aure, saurayi da budurwa, bazawari da bazawara. A Jihar Kaduna an yi dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2017. Jihar Kano ta yi tata a shekarar 2024. Iyaye da waliyyai, kada mu ɗauki wannan cin fuska. In mai neman 'yarmu ya ƙi gwaji, mu tambayi kanmu dalili. Kada kuma mu yarda a sayo takardar ƙarya. Takardar ƙarya ba ta korar cuta.

Na biyar, wanda ya san ya yi kwanciyar da ba ya da tabbacin lafiyarta, ko da tun da daɗewa ne.

Na shida, wadda a ka yi wa fyaɗe. Wannan a kai ta asibiti nan da nan. Akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika, watau kwana 3. A kan sha shi kwana 28. Kada a tsaya shawara a gida har lokaci ya wuce.

6. Ina za mu je?

Mu mutanen Hanwa ba mu da nisa da asibiti. Akwai ƙananan asibitocin gwamnati na unguwanni, inda mata ke zuwa awo. Akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Akwai asibitin Wusasa. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Dattawanmu sun san shi a Tudun Wada. A shekarar 2005 ya koma mazauninsa na Shika, gaba da Samaru.

Kemis wurin sayen magani ne, ba wurin gwaji ba ne. Mai tallar magani a kasuwa da lasifika, shi ma ba ya da madubin likita. Ba ya ganin abin da ke cikin jininmu.

7. Yaya a ke gwajin?

In mun isa, za mu yanki kati. Sa'an nan malamin asibiti ko likita ya kira mu ɗaki, ya yi mana tambayoyi. Mu faɗi gaskiya. Mu faɗi ran da abin ya fara, da maganin da mu ka riga mu ka sha. Wanda ya ɓoye wa likita, kansa ya cuta. Mace in ta fi son mace ta duba ta, ta faɗa.

Domin ƙanjamau, a kan soki ɗan yatsa a ɗauki ɗigon jini, a ɗiga a kan wata 'yar takarda. Kafin rabin awa an ga sakamako. In ya nuna akwai, ba a tsayawa nan, sai an sake gwadawa da wani irin abin gwaji domin a tabbatar. Tunjere da ciwon hanta su ma da jini a ke gwada su. Ciwon sanyi kuwa, a kan karɓi fitsari, ko a shafo ruwan gaba da ɗan auduga, a kai ɗakin gwaji.

Jinin da a ke ɗiba kaɗan ne, ba ya rage wa mutum ƙarfi. Allurar da a ke sukar mu da ita sabuwa ce. Mu duba a buɗe ta a gabanmu.

Akwai abu ɗaya da za mu riƙe. In mutum ya ɗauki ƙwayar ƙanjamau jiya, gwajin yau ba zai nuna ba. Jiki na bukatar lokaci kafin alamarta ta fito a jini. Saboda haka wanda ke da shakka, in gwajin farko ya nuna babu, ya koma bayan wata 3 a sake.

Sakamakon gwaji asirin mai shi ne. Ma'aikacin asibiti ba shi da iznin ya kai shi majalisa ko bakin kasuwa. A shekarar 2014 Nijeriya ta yi doka wadda ta hana a wulaƙanta mai ƙanjamau, ko a kore shi daga aiki ko makaranta saboda ciwonsa.

8. In an samu fa?

Tsoron wannan tambaya ke hana mutane zuwa. To, ga amsa.

Tunjere yana warkewa. A shekarar 1928 wani masani a Landan, Alexander Fleming, ya gano penisilin. A 1943 a ka fara warkar da tunjere da shi, har yanzu kuwa yana aiki. In an kama ciwon da wuri, allura ɗaya ta isa. In ya daɗe, a kan yi uku, ɗaya kowane mako. Mace mai ciki in an yi mata da wuri, ɗanta ya kan tsira.

Ciwon sanyi yana warkewa. Amma ƙwayoyinsa sun yi taurin kai. Dā penisilin na kashe su, yanzu sun saba da shi da waɗansu magunguna da yawa. Abin da ya taimaka wajen jawo haka shi ne shan magani barkatai, da shan rabi a bar rabi. Don haka likita ne zai zaɓi wanda ke aiki. Mu shanye abin da a ka ba mu duka. Miji da mata su haƙura da juna kwana 7 bayan an yi wa kowa magani.

Ƙanjamau ba a sami abin da ke fitar da shi daga jiki ba tukuna. Amma akwai maganin da ke danne ƙwayar. Tun shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi kyauta a asibitocinta. Mai shansa kullum ba fashi ya kan yi ƙarfi, ya yi nomansa, ya yi aure, ya ga jikokinsa. In maganin ya danne ƙwayar har gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa. Mace mai ƙanjamau in ba ta shan magani, cikin jarirai 100 da irinta su ka haifa, 15 zuwa 45 su kan ɗauka. In tana sha, ba su kai 5 ba.

Ciwon hanta yana da allurar rigakafi. A shekarar 2004 a ka sa ta cikin alluran yara a Nijeriya. A kan so a yi wa jariri ta farko a ranar da a ka haife shi. In an sami ciwon a jikin miji, a gwada matansa da 'ya'yansa, wanda bai ɗauka ba a yi masa rigakafi. Shi kuma likita ya riƙa duba hantarsa, ya ba shi magani in da bukata.

9. Kada mu yi saurin zargi

In an sami ciwo a gida, abu na farko da ke zuwa baki shi ne, "Wa ya kawo?" Mu yi hattara da wannan.

Mutane da yawa masu ciwon hanta tun suna jarirai su ka ɗauka, daga uwa ko daga cuɗanyar yara. Ƙanjamau da ciwon hanta su kan bi jini: askar wanzami da ba a tsabtace ba, allura ɗaya da a ka yi wa mutum biyu, ƙarin jinin da ba a gwada ba. Tunjere da ƙanjamau su kan kwanta shekaru, mai yiwuwa tun daga auren fari. Gwaji yana nuna akwai ciwo. Ba ya nuna ran da ya shiga, ko ta hannun wa. Sakin mace ba ya warkar da miji.

Mu sani kuma, ba a ɗaukar ƙanjamau ta gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro. Maƙwabcinmu mai shan magani maƙwabcinmu ne kamar dā.

10. Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Mu kame kanmu, kowa ya tsaya ga iyalinsa. In ɗaya cikin ma'aurata na da ciwo, kwaroron roba na tsare ɗayan, likita zai yi bayani. Kowa ya sayi rezarsa. Wanzami ya sa sabuwar aska ga kowane mutum, ko a kawo masa daga gida. Kada mu yarda da allurar da ba a buɗe a gabanmu ba.

Dā in an ba mu takardar asibiti sai mun nemi mai karanta mana, asirinmu ya fita. Yanzu mun iya karatu. Mu karanta katinmu da kanmu, mu ga ranar komawa, mu ga sau nawa za mu sha magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kalmomin da za mu koya

gwaji, sakamako, ƙwayar cuta, garkuwar jiki, tunjere, ƙanjamau, rigakafi, awo

Tambayoyi

1. Faɗi cututtuka huɗu da mu ka karanta a darasin nan.
2. Don me mai jin lafiyarsa lau ya kan bukaci gwaji?
3. Me tunjere ke yi wa mace mai ciki?
4. In an sami ciwon sanyi a jikin maigida mai mata uku, mutum nawa za a yi wa magani?
5. Bayan wata nawa mai shakka zai koma a sake gwada shi?
6. Cikin awa nawa za a kai wadda a ka yi wa fyaɗe asibiti?
7. Faɗi hanya biyu da a ke ɗaukar ciwon hanta ban da kwanciya.

Lissafi

A shekarar 2018 a ka yi babban bincike gida gida a Nijeriya. A ka sami masu ƙwayar ƙanjamau 14 cikin kowane mutum 1,000 masu shekara 15 zuwa 49. Cikin mutum 1,000, nawa ne ba su da ita? In a ka bi wannan lissafi, nawa za a samu cikin mutum 3,000?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa, da hannu mai kyau:

Zan je gwaji. Zan kai iyalina. Zan shanye maganina duka.